Zaɓen Haruffan Kanu da na Tambarin Haja a Rubutun Hausa: Matsayin Baƙaƙe Masu Ƙugiya

1.0 Gabatarwa

Abin da idon mai karatu ke fara cin karo da shi a jarida ko mujalla ko bangon littafi shi ne kanun da aka buga da haruffa manya masu kauri. Haka abin yake a kan allon kanti da jikin kwalin haja. Sau da yawa wannan ɗan rubutu ne ke sa mutum ya tsaya ko ya wuce. Saboda haka masu ɗab'i da masu tsara talla kan ɓata lokaci wajen zaɓen haruffan da za su yi wannan aiki, kuma galibi hankalinsu ya fi karkata ga masu kauri da fasali na raha, waɗanda ke jan ido tun daga nesa.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ya kamata a yi wannan zaɓe idan rubutun da za a buga na Hausa ne. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne cewa ma'aunin farko na haruffan kanu a Hausa shi ne yadda suka ɗauki baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ tare da manyansu, da kuma 'y. Sai zubi ya tsallake wannan ma'auni sannan za a dubi kyansa da raharsa. A cikin maƙalar an yi amfani da kalmar "zubi" da nufin jerin haruffa da lambobi da alamomi da aka zana bisa fasali guda aka kuma ba su suna guda. An zaɓi kalmar ne saboda a da, narka dalma ake yi a zuba a cikin ma'auni kafin a sami harafin ɗab'i.

2.0 Haruffan Jiki da Haruffan Kanu

Masu ɗab'i sun kasa zubi gida biyu. Kashi na farko shi ne haruffan jiki, waɗanda ake buga dogon bayani da su. Girmansu yakan kama daga 9 zuwa 12 a awon maɗaba'a da ake kira foyin, wanda 72 daga cikinsa ke yin inci ɗaya. Abin da ake so da su shi ne mai karatu ya bi shafi bayan shafi ba tare da ya lura da siffarsu ba. Kashi na biyu shi ne haruffan kanu, waɗanda aka zana don a buga su da girma, a cikin kalmomi kaɗan. Su kuwa so ake a lura da su.

Haruffan kanu sun samo asali ne daga buƙatar kasuwa. A farkon ƙarni na 19, lokacin da masana'antu suka bunƙasa a Ingila, masu haja sun buƙaci takardun talla da za a liƙa a bango a karanta daga ƙetaren titi. A wannan zamani ne haruffa masu tsananin kauri da ake danganta su da Robert Thorne na Landan suka bayyana. A 1815 Vincent Figgins ya fito da haruffa masu faffaɗan ƙafafu kamar tubali, a 1816 kuma William Caslon na Huɗu ya buga manyan baƙaƙe marasa ƙafafu sam. A ƙarshen shekarun 1820 Darius Wells ya ƙirƙiro hanyar sassaƙa haruffa daga itace da inji a Amurka, abin da ya ba da damar yin haruffa masu girman da dalma ba za ta iya ba saboda nauyi da tsada.

Daga cikin zube-zuben ƙarni na 20 da suka yi suna wajen kauri da raha akwai Cooper Black, wanda Oswald Cooper ya zana a birnin Shikago, aka fitar da shi a 1922. Gefunansa a dunƙule suke, babu kaifi ko ɗaya, shi ya sa yake da kamannin fara'a. Kamfanin jiragen sama na easyJet, da aka kafa a 1995, ya ɗauke shi a tambarinsa. Akwai kuma Impact, wanda Geoffrey Lee ya zana a 1965, mai matsattsun haruffa da ke cika shafi da baƙin tawada. Abin lura a nan shi ne dukkan waɗannan an zana su ne don Ingilishi da sauran harsunan Yammacin Turai. Babu wanda ya zana su da tunanin ƙugiya a ransa.

3.0 Yadda Ƙugiya Ta Shigo Rubutun Hausa

Tun da aka fara rubuta Hausa da boko ake fama da yadda za a bambance b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ. Hanns Vischer ya buga ƙa'idojinsa na rubutun Hausa a 1912. Marubutan farko wasu sun riƙa sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu kuma suna sa waƙafi a gefensa, kamar 'b da 'd da ake gani a ƙamusun G. P. Bargery na 1934. A cikin shekarun 1930 ne, lokacin da Rupert East ke shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, baƙaƙe masu ƙugiya suka sami gindin zama. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a watan Janairu na 1939, da littattafan da Kamfanin Gaskiya ya ci gaba da fitarwa bayan kafa shi a 1945, su ne suka sabar wa jama'a da su. Taron da UNESCO ta shirya a Bamako a 1966 ya ƙara tabbatar da su. Bambancin da ya rage tsakanin Nijeriya da Nijar shi ne na baƙi ɗaya, inda Nijeriya ke rubuta 'y, Nijar kuma ƴ.

Ƙa'ida ta tabbata a takarda, amma kayan aiki ba su biyo ta da sauri ba. Masu amfani da tafireta sun daɗe suna buga b da d da k, sannan su bi da alƙalami suna ɗora ƙugiya. A shekarun 1980 an yi yunƙurin samar da zubi guda da zai wadaci harsunan Nijeriya, wato Pan-Nigerian mai haruffa 33, wanda mashahurin mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a cikinsa tare da Victor Manfredi. Da kwamfuta ta yaɗu a shekarun 1990, Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya samar da zube-zuben Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka ɗora baƙaƙe masu ƙugiya a gurbin wasu alamomi da ba a cika buƙata ba. Sun yi wa maɗaba'u da jami'o'i amfani ƙwarai. Sai dai duk lokacin da aka buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da zubin, sai a ga "}asa" a madadin "ƙasa", da "]aya" a madadin "ɗaya".

Tsarin Unicode, wanda aka fitar da bugunsa na farko a 1991, shi ne ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. Wannan ya warware matsalar ajiye rubutu da aika shi. Bai warware matsalar zane ba, domin samun lamba ga harafi ba ya tilasta wa mai zanen zubi ya zana shi. Duk wannan ƙoƙari da aka ambata ya fi shafar haruffan jiki. Fagen haruffan kanu shi ne aka bari a baya.

4.0 Matsalolin Haruffan Kanu a Hausa

4.1 Rashin Harafin Gaba Ɗaya

Matsala ta farko ita ce zubin ya kasance ba shi da harafin. Idan haka ta faru, ɗaya daga abubuwa biyu kan auku. Ko dai kwamfuta ta nuna ɗan akwati a gurbin harafin, ko kuma ta aro shi daga wani zubi dabam ba tare da ta sanar ba. Na biyun ya fi yawa, kuma shi ne ake gani a allunan talla inda siririyar ƙ ke tsaye a tsakiyar kalma mai kauri kamar bare a cikin dangi.

Akwai wani dalili na fasaha da ke sa zubi ya ɗauki wasu daga cikin baƙaƙen ya bar wasu. A tsarin Unicode ba wuri ɗaya aka ajiye su ba. Ƙananan ɓ (U+0253) da ɗ (U+0257) suna cikin rukunin alamomin ilimin furuci ne. Su kuwa Ɓ (U+0181) da Ɗ (U+018A) da Ƙ (U+0198) da ƙ (U+0199) da Ƴ (U+01B3) da ƴ (U+01B4) suna cikin wani rukuni na ƙarin haruffan Latin. Mai zanen da ya cika rukuni ɗaya ya bar ɗayan zai fitar da zubi mai rabin buƙatar Hausa. Don haka ganin ƙ a cikin zubi ba hujja ba ce ta cewa ɗ ma tana nan.

Mafi yawan masu tsara shafi, idan suka ci karo da wannan, sai su yar da ƙugiyar su huta. Ga abin da hakan ke haifarwa:

(a) fada da faɗa
(b) baki da baƙi
(c) kara da ƙara
(d) bari da ɓari
(e) kafa da ƙafa
(f) kashi da ƙashi

A cikin dogon bayani, jimlolin da ke kewaye da kalma sukan taimaki mai karatu ya gano abin da ake nufi. Kanu kuwa kalmomi uku ne ko huɗu, tambarin haja ma wani lokaci kalma ɗaya ce tak. Kanun da ya ce "Sarki Ya Hana Zuwa Fada" da wanda ya ce "Sarki Ya Hana Zuwa Faɗa" labarai biyu ne mabambanta. Mai sayar da abincin kaji da ya rubuta "Garin Kashi" a jikin buhunsa, alhali garin ƙashi yake nufi, ya mai da hajarsa abin dariya da kuɗinsa. Ke nan wurin da aka fi yar da ƙugiya shi ne wurin da rashinta ya fi yin ɓarna.

4.2 Kauri da Cunkoso

Matsala ta biyu tana aukuwa ne ko da harafin yana nan. Ƙaramin b ya ƙunshi sanda da tumbi. Ƙugiyar ɓ tana fitowa ne daga kan sandar ta lanƙwaso dama, a saman tumbin. Zube-zuben kanu galibi sukan ɗaga tumbi su gajarta sanda domin harafi ya cika ido. Idan aka haɗa wannan da kaurin layi, sai filin da ya rage wa ƙugiya ya ƙuntata, har ta kusa manne wa tumbin. Daga nesa, ko a kan takarda mai shan tawada irin ta jarida, farin da ke tsakaninsu yakan toshe, harafin ya zama dunƙule guda. Haka ƙ take, domin ƙugiyarta tana sauka ne a kan hannun k na sama.

Lamarin ɗ dabam yake. Sandarta tana dama ne, don haka ƙugiyarta ficewa take yi daga jikin harafin ta shiga filin wanda ke biye. Idan a ko o ko u ne ke biye, ƙugiyar takan sami wuri a samansu. Idan kuwa i ne, sai ta yi karo da ɗigonsa. Wannan haɗuwa ta ɗ da i tana cikin kalmomin da kanun labarai da talla ba sa rabuwa da su, irin su kuɗi da daɗi da faɗi da haɗin kai. Bugu da ƙari, Hausa tana da yawan baƙaƙe masu ƙarfi, inda ƙugiya biyu ke zuwa a jere, kamar a ƙaƙƙarfa da ruɓaɓɓe da haɗaɗɗe. Zubin da aka yi wa aiki sosai yakan zo da gyaran tazara na musamman ga irin waɗannan haɗe-haɗe. Wanda aka liƙa wa ƙugiya daga baya don cika lissafi ba ya zuwa da shi.

4.3 Manyan Baƙaƙe

An saba buga kanu da manyan baƙaƙe zalla. A nan ƙugiyar Ɓ da Ɗ hagu take fita, wato tana komawa kan harafin da ya gabata. Bayan A ba a cika samun matsala ba, saboda kan A a tsuke yake, akwai fili. Bayan U ko I ko M kuwa, kamar a KUƊI da TAIƁA da TUMƁUKE, sanda ce miƙaƙƙiya ke tsaye, sai ƙugiyar ta taɓa ta ko kuma ta tilasta a buɗe tazarar da za ta sa kalma ta yi kamar ta rabu biyu. Ƙugiyar Ƙ kuma lanƙwasa ce kawai a ƙarshen hannun sama. A zubi mai raha, wanda dama hannayen haruffansa a lanƙwashe suke, K da Ƙ kan yi kama har a kasa rarrabe su. Wannan ita ce illa mafi ɓoyuwa, domin mai tsara shafi ya buga harafin daidai, amma mai karatu bai gan shi ba.

4.4 Alamar 'Y da Alhamza

Alamar da ke gaban y a kalmomi irin su 'yan da 'ya'ya, da wadda ke tsakiyar sana'a da jama'a, ɓangare ce ta rubutun kalma. Manhajojin rubutu da aka gina kan Ingilishi sukan ɗauke ta a matsayin alamar buɗe zance idan ta zo a farkon kalma, su juya fuskarta. A ƙaramin rubutu ba kowa ke lura ba, amma a kanu mai girman foyin 72 kuskuren a fili yake. Haka kuma wasu zube-zuben raha sukan zana alamar ƙanƙanuwa ƙwarai ko su karkatar da ita don ado, sai ta ɓace a gefen babbar Y.

5.0 Raha da Dacewa

Bayan an tabbatar da ƙugiya, sai a zo kan raha. Abubuwan da ke ba zubi kamannin wasa sanannu ne: dunƙulallun gefuna, da haruffan da ba su zauna daram a kan layi ɗaya ba, da tumbi mai kumburi, da kwaikwayon rubutun hannu ko na burushin mai fenti. Sai dai akwai abin da ya kamata mai aiki da Hausa ya lura da shi. Masu zanen Turai sukan zuba gwanintarsu a kan haruffa irin su Q da x da v da p, waɗanda ba sa cikin abacadan Hausa. Takardar tallar zubi za ta burge mai kallo da su, alhali ba zai taɓa amfani da su ba. A Hausa harafin a ne ya fi kowane yawa, har kalma guda kan ɗauke shi sau uku ko huɗu, kamar makaranta da al'amura. Idan a ɗin zubi tana da ado mai yawa, maimaituwarta za ta gundiri ido. Idan kuwa ba ta da fasali, zubin duka zai fito lami, komai kyan sauran haruffansa.

Sannan akwai batun dacewa da abin da ake faɗa. Vincent Connare ya zana Comic Sans a kamfanin Microsoft a 1994, yana kwaikwayon rubutun littattafan barkwanci. A watan Yuli na 2012, lokacin da cibiyar binciken kimiyya ta CERN ta ba da sanarwar gano ƙwayar zarra ta Higgs, an gabatar da wani ɓangare na sakamakon da wannan zubi, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce mai yawa. Zubin bai canja ba, muhallin ne bai karɓe shi ba. Haka abin yake a Hausa. Haruffan da suka dace da bangon littafin tatsuniyoyi ko kwalin alewa ko fastar wasan kwaikwayo na ban dariya ba za su dace da labarin rasuwa ko bangon littafin fiƙihu ba. Jaridar da ke ɗauke da labarai iri-iri tana buƙatar zubi natsattse don kanunta na yau da kullum, ta keɓe mai raha ga shafin yara da na nishaɗi.

Tambarin haja yana da nasa sharaɗi. Kanu na kwana ɗaya ne, tambari kuwa shekaru yake yi, kuma ana buga shi a kan allo mai faɗin gini da kuma a kan leda mai faɗin tafin hannu. Wajibi ne ƙugiyarsa ta fito a duka biyun.

6.0 Matakan Zaɓe

Bisa ga abin da ya gabata, ana iya tsara matakan zaɓe kamar haka:

(i) A buga baƙaƙen nan takwas, ɓ ɗ ƙ ƴ Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ, a gefen b d k y B D K Y, a duba ko kaurinsu da tsayinsu ɗaya ne. Idan sun bambanta, aro kwamfuta ta yi.

(ii) A buga kalmomin gwaji irin su kuɗi, ƙaƙƙarfa, ruɓaɓɓe, haɗaɗɗe da 'ya'ya, da ƙananan baƙaƙe da kuma manya.

(iii) A fitar da gwajin a kan irin takardar da za a yi aikin da ita, a dube shi daga nisan da mai karatu zai tsaya. A kuma ba wanda bai san abin da aka rubuta ba ya karanta da ƙarfi.

(iv) Idan aikin na ilimin harshe ne, a gwada alamomin karin sauti da na tsawon wasali, musamman inda biyu suka hau wasali ɗaya.

(v) A karanta sharuɗɗan lasisi. Yawancin zube-zuben sayarwa sun hana a yi musu gyara, don haka ƙara musu ƙugiya ba tare da izini ba saɓa yarjejeniya ne. Waɗanda ke ƙarƙashin lasisin SIL na buɗaɗɗun haruffa, wanda aka fara fitarwa a 2005, an yarda a gyara su a kuma rarraba, bisa wasu sharuɗɗa da suka shafi suna.

Wannan gwaji bai taƙaita ga Hausa ba. Fulfulde tana da ɓ da ɗ da ƴ da ŋ, Kanuri yana da ǝ. Yarabanci yana da ẹ da ọ da ṣ, Ibo kuma yana da ị da ọ da ụ da ṅ. A waɗannan harsuna biyu na ƙarshe ɗigon ƙasa ne ke shan wahalar da ƙugiya ke sha, domin a kanu mai layi biyu da aka matse, yakan faɗa kan haruffan layin da ke ƙasa. Kamfanin da ke tallata haja guda da manyan harsunan Nijeriya uku yana buƙatar zubi ɗaya da zai ɗauke su duka, in ba haka ba tambarinsa zai riƙa canja kama daga shiyya zuwa shiyya.

Ta fuskar haruffan jiki, an sami wadata. Charis da Gentium da Andika na ƙungiyar SIL, da jerin Noto na Google, duk suna ɗauke da baƙaƙen Hausa. Ta fuskar haruffan kanu ma an fara samun motsi daga cikin gida. A 2024 rumbun Google Fonts ya fitar da Ojuju, wanda Chisaokwu Joboson ya zana yana ɗaukar fasali daga dodannin bukukuwan gargajiya, da kuma Danfo na ƙungiyar Afrotype, wanda ya samo siffarsa daga rubutun jikin motocin haya na Legas. An yi su ne da nufin su yi wa harsunan Afirka hidima. Duk da haka, su ma sai an bi da su ta matakan da aka zayyana kafin a ɗora su a kan aiki.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa haruffan kanu sun taso ne a Turai da Amurka don biyan buƙatar talla, ba tare da la'akari da baƙaƙen Hausa ba, kuma ƙoƙarin da aka yi tun daga shekarun 1930 ya fi amfanar haruffan jiki. Ta kuma bayyana hanyoyi huɗu da zubi mai kauri kan cutar da rubutun Hausa: rashin harafin, da cunkoson ƙugiya, da rikicewar manyan baƙaƙe, da juyewar alamar 'y. Abin da ya rage shi ne aikin haɗin gwiwa. Masu zanen haruffa suna buƙatar jerin kalmomin gwaji da bayanin haɗe-haɗen baƙaƙe na kowane harshe, kuma sassan nazarin harsunan Nijeriya a jami'o'i su ne suka fi cancantar tanadar musu da wannan. Yara da sababbin masu karatu sukan koyi ƙa'idar rubutu daga abin da suke gani a allunan titi da bangon littattafai kafin su koye ta a aji. Idan kanu ya yar da ƙugiya, su ma haka za su taso suna yar da ita.